Na Kai Wa Ƙanwata Tuwo Jidda

Ana idar da sallar asuba muka bar Ka'akiyya, unguwarmu a Makka, ni da maƙwabcina mai mota da matarsa da 'ya'yansu. Su asibiti za su a Jidda, matar ce za ta ga likitan ido. Ni kuwa tuwo zan kai.

Ku da kuke cin abinci a wurina kun dame ni da tambayar inda na shiga ran nan har kuka tarar da tukunya a kife. To ga labarin, in faɗa sau ɗaya in huta.

Ba ni da iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar nan. Kowa a layinmu ya sani. Na zo aikin hajji da ƙuruciyata, ban koma ba, dalilina nawa ne. Tun daga lokacin ban taɓa barin Makka ba. Fita ba ta da wuya, ba mai tare wanda zai bar gari. Shigowa ce matsala, don a hanyar Jidda akwai shingen taftish inda ake duba takardun mutane. Wanda aka samu babu, tarhil ne: a tsare shi, a sa shi a jirgi, a sauke shi a ƙasar da ya baro. Ni a can ba ni da ɗaki, ba ni da miji, iyayena suna ƙasa. Abu ɗaya nake roƙon Allah, in mutu a Makka a yi min salla a Harami. Shi ya sa ko biki ko rasuwa, in dai a wajen gari ne, saƙo nake ba da wa.

Ƙanwata ce ta fitar da ni. Ita kaɗai ta rage min, kuma ni na goya ta. Bara ta kwanta asibiti a Kano har aka fara kirana ana cewa in sa ta a addu'a. Da ta tashi, ɗanta da Allah ya buɗa wa ya ce zai kai ta shan iskar teku. Suka hau jirgin sama zuwa Masar, daga can suka shiga jirgin ruwa na masu yawon buɗe ido, irin wanda ake kwana a ciki, ana ci ana sha yana tafiya, yana tsayawa gari-gari. A Jidda yini ɗaya zai yi, ya iso da safe ya tashi da yamma. Ɗan ya ce ƙafarta ba za ta ɗauki ɗawafi da sa'ayi a yini guda ba, a bari sai da azumi su zo umara a natse. A shekaruna da nata ba na yarda da "sai da azumi". Na ce zan zo.

Maganar tuwo kuwa ta daɗe. Wata rana a waya, shekarun baya, ta ce min, "Yaya, tunda kika tafi ban ƙara shan miyar kuka irin ta Iya ba." Iya tsohuwarmu ce. Tare take daka daddawa da busasshen kifi, a ƙarshe ta soya man shanu da albasa ta zuba. A wurinta na koya, ta rasu ƙanwata ba ta isa girki ba. Na riƙe maganar nan. Ina da ragowar daddawa ta gaske da wata hajiya ta ba ni tun hajjin bara, na ƙulle na ɓoye. Ko ku ban sa muku ba, magi kuke sha. Ita na ƙarar a miyar. Na tuƙa tuwon shinkafa na mulmula a leda, na jera a babbar kula mai hawa biyu, tuwo a ƙasa, miya a sama.

Maƙwabcin nawa haifaffen nan ne, iyayensa mutanen Nijar, takardunsa daidai. Tun kafin ya ta da mota ya gaya min sharaɗinsa.

"Hajiya, motar iyali ba a cika tsayar da ita ba. A dawowa ki zauna a baya tsakanin yara, kakarsu ce ke. Amma ina idar da la'asar zan juya, ina da aiki. Zan tsaya a mauƙif, tashar motocin Makka da ke bakin tsohon gari. In ban gan ki ba, ba zan iya jira ba."

Na ce na ji.

Hanyar faɗi gare ta, ba rami ko ɗaya. Hagu da dama baƙaƙen duwatsu ne da rairayi, sai jefi-jefi rumfar mai raƙumi. Tireloli da motocin ma'aikata sun fi yawa. Jirgin ƙasa ya wuce mu kamar an harba shi. Da muka zo daidai shingen taftish, mu ba wanda ya dube mu, don a ɗaya hannun yake. Ni ce na dube shi. Na ga motoci a jere, na ga ana ɗaga wa wasu hannu su wuce, wasu a nuna musu gefe. Na juya ina kallonsa ta gilashin baya har ya ɓace.

Mun tsaya a wani gidan mai muka karya da tamis da ful. Burodin da zafinsa, waken kuwa ruwa ya yi masa yawa. Daga nan iska ta fara canzawa. Zafin Makka busasshe ne, ya ƙona ka ya bar ka. Na Jidda jiƙaƙƙe ne, ba ka yi aikin komai ba abaya ta manne maka a baya. Muna kan wata gada yaran suka fara nuna wani farin gini mai hawa-hawa can wajen tashar jiragen ruwa. Na ɗauka otal ne irin na kusa da Harami. Ubansu ya ce shi ne jirgin. Na ce to, ashe ƙanwata a gari take kwana, garin ne yake iyo.

Cikin tashar ba a barin irina, ko ma mai iƙama sai da dalili. A ƙofar Balad, wato tsohon garin Jidda, aka ce in jira, can ake sauke mutanen jirgi. Na samu inuwa na ajiye kula a tsakanin ƙafafuna. Hantsi ya ɗaga sai ga manyan motoci. Turawa suka yi ta fitowa, maza da gajeren wando, fata ta yi ja kamar an yanka kankana, kowa da malafa da robar ruwa. A gabansu wani saurayi mai yi musu jagora ya ɗaga tuta a tsinke, suna bin sa.

Ita ce ta ƙarshe a sauka, da sanda a hannu, jaka a hammata. Rabona da ita tun hajjin da ta yi da daɗewa, shi ma a tsaye muka gaisa a Mina. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Yaya, kin tsufa."

"Ke kin ga kanki?"

Ta rungume ni ta yi kuka. Ni ban yi ba, kula ce a hannuna.

Ɗan nata a waya kawai na san shi, bayan tafiyata aka haife shi. Dogon mutum ne da agogo mai nauyi, amma ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni. Yana miƙewa idonsa ya faɗa kan kula.

"Inna, wannan fa?"

"Tuwo ne da miyar kuka."

"Tuwo? Tun daga Makka?" Ya yi dariya, ba ta raini ba. "Inna, ai daga gidan tuwo muke."

A nan na gane wautata. Mu a nan, wanda aka kai wa tuwo da miyar kuka an gama masa komai. Mara lafiya shi ake kai wa, mai jego shi ake kai wa, wanda ya fito daga tsare shi ake kai wa. Na manta su a can kullum shi ne a gabansu, har yara suna ture shi. Ya ƙara da cewa likita ya hana ta mai da gishiri, kuma akwai abincin rana da aka riga aka biya. Na juya wurinta.

"Kin tuna abin da kika ce min a kan miyar Iya?"

"Na ce me, Yaya?"

Ba ta tuna ba. Na ɗauki kulata, na ce a raina ba za ta koma Makka da nauyinta ba.

Muka bi tuta. Balad lunguna ne matsattsu da dogayen gidaje. Mai tuta yana ta Turanci, ɗan ƙanwata yana juya mana. Wai da dutsen da ake haƙowa daga teku aka gina su, kuma da na matsa kusa na ga ƙananan ramuka a jikin bangon kamar gidan zuma. Tagogin katako ne da aka sassaƙa, sun turo kai waje, wasu kore, wasu ruwan ƙasa. Wai an yi su ne don matan gida su ga waje, na waje bai gan su ba, iska kuma ta shiga. Wannan dabara na yaba. Wasu gidajen an gyara su tas an shafa fenti. Wasu sun karkace an tokare su da ƙarafa, kamar mu biyu da sandarta. Kyanwoyi ko'ina, ƙosassu, ba sa matsa wa kowa.

Ƙanwata ba ta sauri, kullum mu ne a baya. Hannu ɗaya sanda, ɗaya kuma ta matse jakarta. Na ce ta kawo in riƙe mata, ta ƙi. Ɗanta ya ce ta kawo, ta harare shi.

Masu shaguna shagala suka ɗauke ni, wato 'yar aikin gida, tunda ga ni a bayan mai agogo da kaya a hannu. Bai dame ni ba. Da motar 'yan sanda ta gifta a hankali, na ƙara matsawa bayansa, na sunkuyar da kai kamar shagalar gaske. Wata Baturiya ta ɗaga wayarta za ta ɗauke ni a jikin wata tsohuwar ƙofa. Na ɗaga mata hannu. Fuskata ba ta shiga wayar kowa.

Sau biyu na nemi a ci tuwon nan. Na farko a zauren wani gida da aka mayar wurin kallo, da tsofaffin akwatuna da fitilu da gadon ƙarfe irin wanda muke zubarwa. Akwai sanyi da wurin zama. Ina taɓa murfi mai gadi ya ce ba a cin abinci a nan. Na biyu a inuwar wani tsohon masallaci bayan azahar. Na fara kwance leda ɗan ƙanwata ya ce tuta ta yi nisa. A maimakon haka ya shigar da mu wani shagon shayi mai kujerun katako. Kuɗin kofi ɗaya a wurin ya sayi faranti cike da nama a wurina, shayin kuma bai ji ganye ba.

Kasuwar ta fi burge ni. Turare, dabino, atamfofi, kayan yaji a buhu, 'yan Yaman da 'yan Habasha da namu duk ana ta ciniki. Na ji Hausa a bakin wasu mata masu sayar da gyaɗa, muka dubi juna muka wuce, kowa ta san kowa. Yaron nan ya ɓace cikin wani shago ya dawo da ƙunshi, ya miƙa min hannu biyu.

"Inna, ga 'yar tsaraba."

Na buɗe. Darduma ce mai hoton Ka'aba, da carbi. Ni da nake jin kiran sallar Harami in iska ta juyo. Na ce Allah ya yi albarka, na karɓa. Ashe ba ni kaɗai ce mai wauta a zuriyarmu ba.

Daga kasuwa aka koma wurin manyan motoci. Kurnish za a kai su, bakin teku, can arewacin gari. Mai tuta ya tsaya a ƙofa yana duba katin jirgi a wuyan kowa. Ya ce wanda ba shi da kati ba ya shiga. Daga inda nake tsaye ina hango mauƙif ɗin motocin Makka, inda maƙwabcina zai tsaya. Rana ta karkata. In na bi su kurnish ba yadda za a yi in dawo kafin la'asar.

Ɗan ƙanwata ya ce, "Inna, to sai mu yi sallama a nan."

Uwar ta nemi dakali ta zauna, ta ɗora jaka a cinya.

"Ba inda za ni sai da yayata."

"Umma, motar za ta tafi."

"Ta tafi."

Ya dube ta, ya dube ni, ya tsayar da tasi. Ni kuma na ciro wayata na kira maƙwabcina, na ce in ya idar da salla ya wuce kawai. Sai ya ce:

"Hajiya, kin san abin da kike yi?"

"Na sani."

Na kashe wayar na shiga tasi.

Direban ya bi da mu ta gefen kasuwar kifi. Ta taga na ga wani kifi a baro, ya kai ɗan akuya. Ƙanwata ta ce wannan ko a daka shi da daddawa sai an yi gayya. Gilasai a rufe suke, sanyi yana busawa. Yaron ya fara shaƙar iska yana waige.

"Inna, kular nan ba ta yoyo kuwa?"

"Kulata ba ta yoyo."

"Wallahi warin nan bin mu yake. Irinsa ne a ɗakin Umma a jirgi. Na sa ma'aikata sun wanke ɗakin, sun canza zanin gado, sun duba bututu, bai tafi ba."

Uwar ta juya tana kallon gine-gine.

Ban taɓa ganin teku kusa ba sai ran nan. A jirgin sama na zo, ban ga komai ba. Ruwa ne har inda ido ya tsaya, shuɗi a nesa, kore a kusa, yana dukan duwatsu ba ya gajiya. Akwai wani farin masallaci da aka kafa wa ƙafafu a cikin ruwan. A ciki muka yi la'asar, muna jin teku a ƙarƙashinmu. Liman yana sallama na san motar da zan koma a cikinta ta kama hanya.

Da muka fito na ga abin da ya kwantar min da hankali. Mutanen Jidda sun fara fitowa da iyalansu, kowa ya shimfiɗa tabarma a ƙasa, ga tukunya, ga butar shayi, ga kuloli da suka fi tawa. A nan ba mai kallon kular wani. Na samu gindin wata bishiyar dabino, na shimfiɗa ledar cin abinci, na buɗe. Tuwon da sauran ɗuminsa. Man shanun ya taso a kan miya.

Ƙanwata ta jingine sanda, ta zauna da ƙyar, ta wanke hannu da ruwan roba.

"Umma, likita fa ya ce..."

"Likita yana Kano."

Ta yanki loma, ta dangwala, ta kai baki. Sai ta tsaya. Ta daɗe ba ta haɗiye ba.

"Kifin da daddawar tare kika daka."

"Tare."

"Ita ma haka take yi. Tana ba ni taɓarya in lasa."

Ta ci gaba da ci. Ni ma na sa hannu. Ɗanta ya tsaya a kanmu yana duba agogo, ya zagaya, ya dawo, ya tsuguna wai zai ɗanɗana. Ya ce tunda suka hau jirgin nan ganye da burodi yake ci, da wani nama da ba a gama dafawa ba. Ya naɗe hannun riga. Shi ya fi kowa ci. Uwar ta sa yatsa ta suɗe kwanon miya har ya yi ƙyalli.

Na ɗauki murfi zan rufe, ta riƙe hannuna.

"Tsaya. A gidanmu yaushe aka fara mayar da kwano haka nan?"

Ta buɗe jakar da ta hana kowa taɓawa tun safe. Ta ciro wani ƙunshi a tsohon ɗankwali. Ta kwance, leda ce. Ta kwance, wata ledar ce. Kafin ta kai ta ƙarshe mutanen tabarmar kusa da mu sun juyo. Daddawa ce, baƙa wuluk, tuli guda, irin ta kalwa da ake yi a unguwarmu.

Yaron ya miƙe tsaye.

"Umma! Ashe ke ce! Na yi wa bayin Allah faɗa a banza!"

"Da na gaya maka da tuni tana cikin teku."

Ta ce tun daga Kano take ɓoye da ita, in za su fita cin abinci a jirgi sai ta tura ta ƙarƙashin katifa. Tun safe take neman inda za ta ba ni bai gani ba. Ta jera ta a cikin kula da hannunta, sama da ƙasa, ta rufe.

Muka zauna muna kallon ruwa. Can ta ce, "Yaya, ba za ki dawo gida ba?"

"A'a."

"To."

Lokacin komawarsu ya matso. Tasi ta fara ajiye ni a mauƙif kafin ta wuce da su tashar jirgi. Yaron ya ce bari ya ɗaukar min mota sukutum ta kai ni har ƙofar gida. Na ce a'a, tsohuwa baƙar fata ita kaɗai a bayan mota, ita za a fara tsayarwa, gara ta haya in shiga cikin mutane. Bai gane ba. Da na yi masa bayani fuskarsa ta canza.

"Inna, ba ki da takarda kika fito? Umma, kin san da wannan?"

"Na sani. Shi ya sa ban rage tuwon ba."

Ta kama wuyan hannuna ta taga ta riƙe har motar ta fara tafiya.

Motar hayar da na samu ban san direbanta ba, Balarabe ne, bai tambaye ni komai ba. Namiji a gaba, ni da wasu mata biyu a baya. Ba mu fita daga Jidda ba ya fara tari. Ya fesa turare. Ya sauke gilashi. Ya ce, ya hajja, mene ne a cikin nan, a sa shi a but. Na ce a cinyata zai zauna. Matan suka ja niƙabi suka toshe hanci. Haka muka tafi, rana tana bayanmu tana yin ja.

Da motoci suka fara rage gudu na san mun zo. Aka ɗaga wa ta gabanmu hannu. Aka ɗaga wa ta gefenmu. Mu aka nuna mana gefe.

Ban yi salati da ƙarfi ba, ban yi rawar jiki ba. Na tuna tukunyata a kife, na tuna ban bar wa kowa makulli ba. Na tuna maƙabartar da na daɗe ina sa rai. Na ɗora hannu biyu a kan murfin kula.

Jami'in saurayi ne, baƙi, gemu a gyare. Ya karɓi katin direba da na mutumin gaba, ya duba ya mayar. Matan suka miƙa nasu ta taga. Ya zagayo ɓangarena ya sunkuyo. Sai ya tsaya. Ya shaƙa, ya ƙara shaƙa, ya dubi kula.

"Daddawa?"

Da harshen Larabawa ya faɗa, amma ita ce. Na ce na'am. Na ɗaga murfi kaɗan ya gani. Ya yi murmushi, ya ce da Larabci kakarsa a unguwar Rusaifa tana sa ta a miya, in ta ɗora tukunya duk gidan sai ya sani, tun rasuwarta bai ƙara jin wannan ƙanshi ba. Ƙanshi ya ce, direba yana ji. Ya lalubo 'yar Hausar da ta rage a kansa, sannan ya ce, "Ina kwana, Kaka."

Rana tana faɗuwa. Na ce, "Lafiya lau, ɗan nan."

Motocin baya suka fara oda. Ya miƙe, ya buga saman motar da tafin hannu, direba ya ja. Ko mantawa ya yi, ko ya sani, ban sani ba. Ban juya ba.

Muka wuce ƙarƙashin babbar ƙofar nan da aka yi kamar Alƙur'ani a buɗe a kan hanya. Da safe ban ma lura da ita ba. Ana kiran isha na sauka a Ka'akiyya. Maƙwabcina yana tsaye a ƙofar gida, ashe bai je aikin ba. Ya ga ni, ya ga kula, ya ce alhamdu lillahi, ya shige ciki. Washegari ƙanwata ta kira daga tsakiyar ruwa. Ta ce jininta bai hau ba, ɗakinta ya daina wari, ɗanta kuma ya je ya ba ma'aikatan haƙuri.

Abin da na gani a tafiyar nan ba shi da yawa. Jidda gari ne mai kyau ga mai takarda. Teku ya fi yadda ake faɗa. Shayinsu tsada ne kawai. Mutum yakan faɗi magana ya manta, wani ya ɗauke ta shekara da shekaru, kuma ba laifin kowa ba ne. In za ku kai wa baƙon gida abinci, ku fara tambaya. Ni ban tambaya ba, kuma da za a sake, haka zan yi. Amma kada wata ta ce ta ji a bakina ana wuce taftish da daddawa. Allah ne ya rufa min asiri, ba zan ƙara gwadawa ba.

Daddawar na raba ta biyu. Rabi gobe za ku sha a miya, kuɗin faranti bai canza ba. Rabin kuma na ƙulle a ɗankwalinta na ɓoye, sai da azumi.